Wuta ce ko Mai?

Idan tsohuwar mota ta mace a hanya, a ce tsakanin Kazaure da Roni, makaniken da aka ɗauko a bayan babur ba ya ɓata lokaci wajen dogon nazari. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, wadda maigidansa ya cusa masa tun yana yaron miƙa sifana: wuta ce ko mai? Injin fetur abu uku yake bukata, iska da mai da tartsatsi, kuma kowanne ya zo a kan gaɓa. Iska ba ta cika yankewa ba. Saura biyu ke nan. Sai ya zare wayar filogi guda, ya kusantar da bakinta ga jikin injin, ya ce da direba, "Oga, ɗan murza makulli." In tartsatsi shuɗi ya yi tsalle yana ƙas-ƙas, to a koma wajen kafireto. In kuwa ja ne mai sanyin jiki, ko babu shi sam, hannunsa zai wuce kai tsaye kan wani ɗan gwangwani mai murfi da wayoyi biyar, wato distiribita.

Bahaushe ya ɗora wa kalmar wuta kaya masu yawa. Akwai ta murhu, akwai ta lantarki wadda ake kawowa a ɗauke, akwai wadda fasinja mai sauri ke nufi idan ya ce wa direba ya ba ta wuta, akwai kuma wadda mutum ke ɗaukewa idan aka jefa masa tambayar da ba shi da amsarta. A gareji kuwa kalmar ta tsuke. Wuta ita ce ɗan tartsatsin nan da ke tsallake ratar da ba ta kai milimita ɗaya ba a bakin filogi, can cikin silinda inda ido ba ya kaiwa. Duk girman mota da lodin da ta ɗauko, buhunan gero ne ko na riɗi, a kan wannan ɗan tsalle suke tafiya. Yadda ake samar da shi ya sauya cikin shekaru hamsin ɗin nan, wanda ke iya gyara shi in ya ɓaci ya sauya, harshen gareji ma bai tsira ba.

Motar da ta koya wa yawancin dattawan makanikan wannan yanki sana'a ita ce Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna, da 404 da kuma 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Turawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ranar 27 ga Agusta 1991, da aka yanke Jigawa daga jihar Kano, Fijo ce motar ofis, ita ce ta haya, ita ce ta ɗaukar amarya. Wagon mai layi uku ita ke cin hanyar Kano zuwa Dambatta zuwa Kazaure har Daura. Yau Golf da Sharon da Hayis sun ƙwace tasha, amma ba a gama da tsohuwar ba. A-kori-kura da J5 suna nan suna jigilar hatsi da dabbobi a hanyoyin duwatsun Roni da Gwiwa da rairayin Babura, kuma injin fetur na J5 ɗan gida ɗaya ne da na 504.

Tsarin wutar da tsofaffin cikinsu suka zo da shi ya girme su nesa ba kusa ba. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya tsara shi a garin Dayton na jihar Ohio, kuma Cadillac ta fara sa shi a motocinta a 1910. Batir volt 12 kawai yake bayarwa, abin da ko fatar hannu ba ya ratsawa balle ya tsallake iska. Aikin kwayil ne ya ninka shi. A cikin kwayil waya biyu ce aka naɗe a kan ƙarfe, mai kauri zagaye 'yan ɗaruruwa, siririya kuma zagaye dubbai. Lantarki ya bi ta mai kaurin ya cika ƙarfen da ƙarfin maganaɗisu. Da zarar an katse shi farat ɗaya, ƙarfin nan ya rushe, rushewar kuma ta tayar da volt dubu goma zuwa ashirin a siririyar wayar. Daga nan rota ta karɓa tana juyawa a ƙarƙashin murfi, tana miƙa wa kowane filogi rabonsa.

Mai katsewar shi ne kwantak: bakunan ƙarfe biyu ƙanana, ɗaya a tsaye, ɗaya a kan ɗan hannu mai sifirin, da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu yana juyawa yana ture ɗan hannun. Abin mamaki, ba haɗuwar bakunan ke haifar da wuta ba, rabuwarsu ce. Ga kuma yawan aikin. Injin silinda huɗu yana neman tartsatsi biyu a kowane juyi, don haka in yana juyi 3,000 a minti, kwantak na buɗewa yana rufewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Tafiyar awa guda a haka, buɗewa 360,000 ke nan. Kowace buɗewa tana ɗan ƙona bakunan, tana ɗebe ƙarfe daga wannan ta liƙa wa wancan, har ɗaya ya yi rami ɗaya ya yi tsini. Kwandensa aka sa don ta rage ƙunar, ranar da ta mutu kuwa bakunan ba sa daɗewa. Ɗan dunduniyar da ƙarfen ke turewa shi ma cinyewa yake yi, ƙurar hunturu ta shiga cikin giris ta ƙara masa saurin cinyewa. Yana cinyewa rata tana tsukewa, wuta tana makara, mota tana kasala tana ƙara shan mai, mai ita kuwa bai ankara ba domin a hankali abin ke zuwa. Damina ta zo da nata: danshi ya kwana cikin murfin distiribita, da asuba sai turi.

Wannan raunin shi ya ciyar da sana'a, shi kuma ya cika harshe da kalmomin aiki. Kwantak ana goge shi, ana kankare shi da sanfefa ko ɗan zarto, ana buɗe shi, ana matse shi, ana saita shi. Littafin kamfani ya ce ratar ta zama milimita 0.4, kuma akwai ma'aunin ƙarfe na musamman don haka, amma sanannen abu ne a garejin duniya duka cewa kwalin ashana kusan kaurinsa ke nan. In an gama da rata sai taimin. Makanike ya sassauta noti, ya dafa distiribita, ya karkata ta kaɗan-kaɗan yana sauraro, kansa a sunkuye cikin bonet. In wuta ta yi gaba da yawa, kik zai yi nauyi, injin ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa. In ta yi baya, mota ta yi sanyi a totur, ta yi zafi a lagireto, salansa ta riƙa harbi. Tsakanin biyun akwai wurin da muryar injin ke washewa, nan yake ɗaure notin. Yaron da ke tsaye a gefe ba a yi masa lacca. "Kai, matso ka ji. Ka ji ta yanzu?" Yaro ya ce, "Na ji, Maigida," ko da bai ji komai ba, sai bayan shekara biyu kunnensa zai buɗe.

Fijo ma tana da nata tarkon ga sabon shiga. Jerin tashin silindoji 1-3-4-2 ne, kamar na yawancin motoci, amma Faransawa daga wajen giyabos suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga wajen fanka ba. Yaron da ya yi koyo a kan Toyota sai ya sha dariya kafin ya gane.

Duk wanda ya zauna a benci a gareji zai lura cewa da harshen jinya ake maganar mota. Tana tari, tana atishawa, numfashinta ya toshe, ta mutu, ta tashi. Makanike kuma ba ya cewa ya sauya kaya, cewa yake ya duba ta. Wannan ba ado ba ne. Matuƙar ciwon yana da sauti da ƙauri da launi, to kunne da hanci da ido ne kayan aiki, kuma harshen da ya dace da su shi ne na mai duba marar lafiya.

Sunayen kayan kuwa kowanne da takardar tafiyarsa. Daga Babura, in aka bi ta Babban Mutum, ba a daɗewa an shiga Nijar an nufi Magarya, kamar yadda mai bin Daura zai faɗa Kwangwalam ya nufi Matamaye da Damagaram. Mota ɗaya ce, Hausa ɗaya ce, amma da an tsallake iyaka kayan cikin bonet sun sake suna, domin wannan ɓangare a hannun Ingilishi ya koyi gareji, wancan a hannun Faransawa. Abin da ɗan Kazaure ke kira filogi, ɗan Damagaram buji yake ce masa. A Faransanci sunan kyandir ne, shi kuma kyandir ɗin ya samo shi daga birnin Bijaya na gaɓar tekun Aljeriya, inda aka riƙa safarar kakin zuma zuwa Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kwayil a can bobin ne. Distiribita kuma delko ce, wato Delco, taƙaitaccen sunan kamfanin da Kettering ya kafa a Dayton. Ga abin dariya: distiribitar da ke cikin Fijo kamfanonin Faransa irin su Ducellier da Paris-Rhône ne suka ƙera ta, amma sunan Ba'amurke ya maƙale mata. Shi kwantak Faransawa da sunan filatinam suke kiransa, farin ƙarfen nan mai tsada da aka fara yin bakunansa da shi. An daɗe da barin filatinam an koma tangistan mai arha da juriya, sunan bai motsa ba. Ke nan makaniken da ke tsaye a rana a bakin iyaka, in ya ce wa yaronsa ya miƙo buji ya buɗe delko, ya ambaci Aljeriya da Ohio a numfashi ɗaya bai sani ba.

Abin da ya kori kwantak daga masana'anta tiransista ce, wadda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947: makunni ne da ba shi da baki balle ya ƙone, ba shi da dunduniya balle ta cinye. Amma ba tausayin direba ne ya hanzarta sauyin ba, doka ce. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, aka tilasta wa kamfanoni rage hayaƙi, kuma motar da wutarta ke makara ko take tsallake tashi ɗanyen mai take fitarwa ta salansa. Chrysler ta game dukkan motocinta na Amurka da wutar tiransista a 1973, General Motors ta bi a 1975. Turai da Japan suka biyo baya, har ta kai ga an cire distiribitar ma gaba ɗaya, kowane filogi da kwayil ɗinsa a ka, kwamfuta na ba da umarni.

Mai tsohuwar mota ba sai ya je can ba. Abin da ake yi shi ne a cire kwantak da kwandensa, a sa wani abu da ake kira modul, wanda zai san lokacin katsewa ba tare da ya taɓa komai ba. Iri uku ne suka fi yawa. Wani da haske yake aiki, fiffike na gittawa tsakanin 'yar fitila da idon da ke kallonta, irin na Lumenition na Ingila. Wani haƙoran ƙarfe ne ke wucewa ta gaban naɗin waya. Na uku, irin na Pertronix na Amurka, zobe ne mai maganaɗisu huɗu da ake zura wa kan ƙarfen nan mai kusurwa, yana juyawa a gaban wani ɗan sansa. Ilimin da aka gina wannan a kai Edwin Hall ne ya gano shi a 1879, yana ɗalibi a jami'ar Johns Hopkins, shekaru kafin a ga mota a kan titi. Waya biyu ce ke fitowa, ja da baƙa, zuwa kwayil. A mayar da rota, a rufe murfi, a sake saita taimin. Wanda ya leƙa bonet ba zai ga bambanci ba. Akwai kuma masu sayen distiribita sukutum, irin 123ignition ta Holan, wadda komai nata lissafin lantarki ne. Sai dai wannan kasuwar masu biya da dala ce. Hanyar talaka ita ce ta Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake tonon kayan Kwatano: a nemo distiribitar 505 ta baya-baya, marar kwantak, tare da modul ɗinta da kwayil ɗinta, tunda injinan dangi ɗaya ne.

Ribar a fili take, amma gara a faɗe ta daidai, domin masu talla sun cika ƙari. Sauyin ba ya ƙara wa injin ƙarfin da kamfani bai ba shi ba. Abin da yake yi shi ne hana shi zubewa. Motar da aka saita wa kwantak yau da wadda aka sa wa modul yau kusan tafiyarsu ɗaya. Bambancin sai bayan wata huɗu, lokacin da ta farko ta soma makara, ta biyu kuwa tana nan inda aka bar ta. Tashin asuba ya fi sauƙi, silo ya fi daidaita, filogi ya fi daɗewa. Da can, lokacin da fetur ke arha, ɗan man da makarar wuta ke sha ba ya tayar wa kowa da hankali. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, lissafin ya sake. Direban da ke kai balas kowace yamma yanzu yana jin kowace lita a aljihunsa. Mai tunanin mayar da motarsa ta gas kuma ya sani cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa, tartsatsi mai ƙarfi yake nema, kwantak da ya gaji ba zai iya da shi ba.

Abin da modul ba ya yi shi ma a faɗe shi. Ba ya warkar da kafireto mai tsiyaya, ba ya toshe ringin da ke shan baƙin mai. 'Yan ƙarafan da ke ƙasan distiribita masu tura wuta gaba in gudu ya ƙaru, da robar da ke aiki da zuƙar iska, suna nan yadda suke, in sun cije sun cije. Kuma yana da abokan gaba waɗanda kwantak bai damu da su ba. A juya masa kan batir sau ɗaya, ya tafi. A haɗa shi da kwayil ɗin da bai dace da shi ba, ya gasu a hankali. Wasu ƙananan, in aka bar makulli a kunne injin a kashe ana sauraron rediyo, sai su ƙone. Al'adar nan ta zare kan batir injin na aiki don a gwada ko altaneta na caji, wadda aka saba da ita a garejinmu, tana iya halaka shi nan take. Haka walda a jikin mota ba a cire batir ba. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin bonet, shi ya sa farin man da ake shafa wa bayan modul kafin a ɗaure shi ba kwalliya ba ne, shi ke fitar da zafi. Jabu kuwa ya cika kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Babban bambancin dai a yadda suke mutuwa yake. Kwantak jinya yake yi, yana ba da sanarwa makonni kafin ya kwanta, in ya kwanta ma ana iya lallaɓa shi da sanfefa ya kai mutum gida. Modul lafiya lau yake har daƙiƙar da zai tafi. Baƙin akwati ne da aka cika da danƙo aka rufe, ba ya buɗuwa, ba shi da abin gogewa ko matsewa. Duk kalmomin aikin nan da kwantak ya tara sun taru sun koma biyu: ya mutu, a canja. Makaniken da a da zai ce "bari in duba ta" yanzu cewa yake "sai an kira rewaya", shi kuma rewaya ya ce sai an je Kano. Ga mai mota a cikin birni, ɓata yini ne kawai. Ga wanda ya ɗauko tumatir daga wani ƙauyen Gwiwa da la'asar sakaliya, asarar lodi ce. Dattawan da ke ƙin modul ba jahilci ke damunsu ba. Sun auna nisan da ke tsakanin inda mota ke mutuwa da inda ake sayar da kayanta.

Duk da haka, kukan da ake yi wa kwantak yana da iyaka, kuma shaida tana nan a ƙofar kowane gida. Baburan da suka cika Kazaure da Babura, Bajaj ne ko Jincheng, babu kwantak a cikinsu, da ɗan akwatin si-di-ai suke tashi. Injinan ban-ruwa na zamani da manoman rani ke ja da igiya a fadamu, su ma wutarsu a rufe take. An shekara ashirin ana rayuwa da su, ba wanda ya zauna makoki. Masu gyaran babur sun ƙirƙiro dabararsu: su ajiye si-di-ai ɗaya mai kyau a akwatin kayan aiki, su jona shi, in babur ya tashi an gano ɓarawo. Dabara ce mai aiki, amma gwaji ne, ba sani ba ne. Sanin yana cikin 'yar mita mai waya biyu da ke auna volt da juriyar kwayil, da fitilar taimin mai walƙiya wadda ke nuna ainihin inda wuta ke tashi, ba inda kunne ke zato ba. Kunne, komai kaifinsa, yana iya kuskure da digiri da dama, kuma dattijon kirki zai amsa haka in ba a gaban yaransa aka tambaye shi ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 ma duka da ramin jona kwamfuta suke zuwa, kuma su ne ke sauka a Kwatano da Legas. Yaron da ya fito daga koyo bai iya karanta mita ba, an yaye shi ne a kan sana'ar da ke ƙarewa.

A Turai gardamar modul ta masu nishaɗi ce. A Ingila motar da ta shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, a Jamus wadda ta kai 30 tana iya samun lamba ta musamman ta kayan tarihi. Masu irin waɗannan motoci ranar hutu suke fito da su, kuma abin da ke raba kansu shi ne ko ɓoye tiransista a cikin distiribita ya ɓata asalin mota. Fijon da aka harhaɗa a Kaduna a 1980 ta cika duka sharuɗɗan nan, amma a nan sunanta akwala. Ba wanda ke tambayar asalinta, tambayar ita ce ko za ta kai kasuwa ta dawo. Ranar da ta gaza, 'yan gwangwan suna jira da ma'auni, a kilo za su saye ta. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a taɓa jin an faɗi haka a kan mota ba. Shi ya sa sauyin ya fi ma'ana a Roni fiye da Landan. Can ana yi ne don mota ta tashi ba wahala bayan ta yi wata shida a rufe. Nan kuwa shi ke iya ƙara mata shekaru kafin a kai ta ga guduma, kuma kowace shekara cefanen gida guda ne.

Ga motar da ke neman abinci kullum, sa modul ya fi barinsa, in dai an samu na kirki, an haɗa shi da kwayil ɗinsa, an kuma saita shi da fitila. Amma kada a jefar da abin da aka cire. A naɗe tsohon kwantak da kwandensa da 'yan sukurorinsu, ko tsohuwar distiribitar gaba ɗaya, a ajiye tare da jak da sifana, domin mayar da su aikin rabin awa ne ga wanda ya iya.

Iyawar ce ke bukatar mai kula da ita. Kazaure gari ne mai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, makanikai kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA. Ba abin da zai hana a haɗa kai a shirya wa yaran gareji na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura gajeren horo da Hausa a kan mita da fitilar taimin, a kuma zaunar da dattawan su nuna wa ɗalibai saitin kwantak da hannu. Ɗaliban Hausa masu neman abin rubuta kundi su ma su ɗauki littafi da rakoda su tafi gareji, wannan ɓangaren iyaka da wancan, su tattara kalmomin tun masu su na raye.